An Kira Su Jarumai, Sannan Aka Bar Su Da Tari

Da safiyar Talata, 11 ga Satumba 2001, wani babban jami'in 'yan kwana-kwana mai suna Joseph Pfeifer yana tsaye a bakin titi a kudancin Manhattan, cikin birnin New York, shi da yaransa suna laluben inda iskar gas ke yoyo. Aiki ne irin na yau da gobe, wanda ba a ba da labarinsa in an koma gida. Ƙarfe 8:46 suka ji rugugin jirgi ƙasa-ƙasa, suka ɗaga kai, a kan idonsu ya soke benen arewa na tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Pfeifer ne babban jami'i na farko da ya isa wurin. Ya kafa zango a falon ƙasa, yana karɓar rundunoni yana tura su sama. Cikin waɗanda suka zo gabansa har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Laftanar Kevin Pfeifer, shugaban ayarin mota mai lamba 33. Suka haɗa ido. Ya ba shi umarnin da ya ba kowa, wato ya hau. Kevin ya juya da mutanensa suka nufi matakala, kuma ganin ƙarshe ke nan da yayansa ya yi masa da rai. Sai a watan Fabrairun 2002 aka tono gawarsa daga cikin ɓaraguzai.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, kuma duk shekara in Satumba ta zagayo aka fara jera hotuna da tutoci da kalmar "jarumai", sai ya dawo mini sabo. Matsayina a kansa ba ɓoyayye ba ne, bari in faɗe shi tun yanzu. Kalmar jarumi ita ce abu mafi araha da hukuma ke iya bai wa wanda ya shiga wuta dominta, kuma sau da yawa da ita ake toshe bakinsa. Bashin da ke kan al'umma ga irin su Pfeifer guda biyu ne: a gaya musu gaskiyar yadda 'yan uwansu suka mutu, sannan a kula da jikinsu da zuciyarsu har ƙarshen rayuwa. Amurka, da duk arzikinta, sai da aka ja ta a ƙasa kafin ta biya ko ɗaya daga ciki. Yabon gwani ya zama dole, ban musa ba. Amma yabo bai taɓa sayen ƙwayar magani ba.

Mu fara da girman rashin, domin alƙaluma kan ɓoye shi. Mutum 2,977 mahara 19 suka kashe a ranar, 343 daga ciki ma'aikatan hukumar kashe gobara ta New York ne. Kafin wannan rana, asara mafi muni da hukumar ta taɓa yi a gobara guda ita ce ta mutum 12, a shekarar 1966. Harin ya faɗo dab da lokacin canjin aiki, masu kwanan dare ba su tafi ba, masu karɓa sun riga sun iso, don haka motoci suka fita maƙare da ninkin mutanen da suka saba ɗauka. Tasha guda a tsakiyar Manhattan ta rasa mutum 15. Shugaban rundunar baki ɗaya, Peter Ganci, ya mutu. Mataimakin kwamishina William Feehan, dattijo ɗan shekara 71, ya mutu. Limamin Kirista na hukumar, Fada Mychal Judge, shi ne gawar farko da aka yi wa rajista, kuma Pfeifer na cikin waɗanda suka tarar da shi cikin duhun ƙura. Kwana biyar bayan harin sai da aka yi wa mutum 168 ƙarin girma a zama ɗaya don cike guraben shugabannin da ƙasa ta rufe.

Wanda bai san rayuwar tashar 'yan kwana-kwana ba zai ɗauka abokan aiki kawai aka rasa. A can, mutanen tasha tukunya ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, sun san sunayen 'ya'yan juna. Sana'ar kuma gado ce a gidaje da yawa, uba ya yi, ɗa ya yi, ƙane ya biyo. John Vigiano, tsohon kyaftin da ya yi ritaya, 'ya'ya biyu gare shi a duniya, ɗaya ɗan kwana-kwana, ɗaya ɗan sanda. Dukansu suka tafi a safiya ɗaya. Lee Ielpi, shi ma tsohon ma'aikaci, ya sake sanya hular kwano ya shiga tono yana neman ɗansa Jonathan. Wata uku cur yana haƙa kafin a same shi a watan Disamba, ya sa hannu ya ɗauko shi shi da ɗayan ɗan nasa, sannan ya koma ya ci gaba da tono na wasu watanni, domin akwai iyayen da ba su samu nasu ba. Mu da muka san nauyin sutura da binnewa, muka san cewa zuciya ba ta kwanciya sai an ga an sa mamaci a makwancinsa, ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Iyalan wani ɗan kwana-kwana, Michael Ragusa, sun yi shekara biyu suna jira. A Satumban 2003 suka haƙura suka binne 'yar kwalbar jininsa, wanda ya taɓa bayarwa a wata cibiyar lafiya. Har yau kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka mutu a benayen ba a gano ko ɗan yatsansu ba.

To, ga magana ta farko da ake yi mini duk lokacin da na ɗauko wannan batu, kuma daga bakin mutanenmu take fitowa. Ana cewa: kai kuwa me ya dame ka da mutum 343 na Amurka, alhali da sunan wannan rana aka ragargaza Afganistan, aka rusa Iraƙi? Wa ya yi wa yaran Kandahar da Falluja makoki? Wannan tambaya tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. An fara ruwan bama-bamai a Afganistan ranar 7 ga Oktoba 2001, tun wutar ɓaraguzan New York ba ta mutu ba. An mamaye Iraƙi a Maris 2003 bisa hujjar makaman da ba a taɓa samu ba. Masu bincike a Jami'ar Brown, a Amurkan kanta, sun ƙiyasta cewa wajen mutum 900,000 suka mutu kai tsaye a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Duk wanda ya ji zafin wannan, ina tare da shi.

Amma ina tambaya: Kevin Pfeifer ne ya aika jiragen yaƙi? Lokacin da yake hawa matakala da kayan da suka haura kilo 25 a jikinsa, ya tsaya tambayar addinin waɗanda ke sama? Mutanen da suka mutu a ranar sun fito daga ƙasashe sama da 90, akwai Musulmi a cikinsu, masu aikin ofis da masu aikin kicin. Akwai Mohammad Salman Hamdani, haifaffen Karachi ɗan shekara 23, mai horon ba da agajin gaggawa, wanda ya hango hayaƙi yana kan hanyar zuwa aiki ya karkata can. Da aka neme shi aka rasa, sai aka fara raɗe-raɗin ko da hannunsa a harin, har wata jarida ta buga. Wata shida mahaifiyarsa tana ɗauke da rashin ɗa da kuma zargi, kafin a tabbatar a Maris 2002 cewa gawarsa ce aka samu a gindin benen arewa. Shi ma a wane ɓangare za mu sa shi? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, in ji masu magana, kuma abin da muke yi ke nan in muka huce haushin 'yan siyasar Washington a kan ma'aikacin da ya mutu yana ƙoƙarin fito da mutane. Ni a ganina ma, gwamnatin da ta ɗauki hotonsa ta yi tallar yaƙi da shi, ita ce dai ta juya masa baya da ya fara tari. Shi da yaron Kandahar ba abokan gaba ba ne. Hannu ɗaya ne ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Magana ta biyu ta fi ta farko laushi, kuma ta fi ta wuyar amsawa. Ana cewa ajali ne. Wanda kwanansa ya ƙare ba oba-oba ba, ko ƙaho aka busa masa ba zai fito ba. Kuma akwai abin da ya faru a ranar da ke ƙarfafa wannan. Kyaftin Jay Jonas da mutanensa biyar suna saukowa daga hawa na 27 na benen arewa suka tarar da wata mata, Josephine Harris, ƙafafunta sun gaza. Suka ƙi barin ta, suka riƙa saukowa da ita taki ɗaya-ɗaya, wasu na wuce su da gudu. Suna wajen hawa na huɗu ginin mai hawa 110 ya rufto. Ɗan gutsuren matakalar da suke kai ne ya tsira, suka fito da rai su da ita. Da sun yi sauri, wataƙila da suna falon ƙasa ko bakin ƙofa, inda mutane da yawa suka halaka. Wa zai kalli wannan ya ce rai ba a hannun Allah yake ba?

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Bari mu duba yadda aka ɗaure raƙumin a New York. A Fabrairun 1993 an taɓa tayar da bam a ƙarƙashin waɗannan benaye, mutum shida suka mutu, kuma tun a ranar 'yan kwana-kwana suka gano cewa oba-obarsu ba ta ratsa ƙarfe da kankaren dogon gini. Shekara takwas suka wuce. A farkon 2001 aka raba sababbin na'urori, aka janye su cikin gaggawa bayan wani ma'aikaci ya yi kiran neman ceto a wata gobara ba a ji shi ba, aka koma wa tsofaffin. Da su aka shiga benayen ranar 11 ga Satumba. Ƙarfe 9:59 benen kudu, wanda shi ma jirgi ya soka, ya faɗi. Pfeifer, cikin ƙurar da ba ya ganin tafin hannunsa, ya ɗauki oba-oba ya ba da umarnin kowa ya fice daga benen arewa. Da yawa ba su ji ba. Da yawa daga waɗanda suka ji ba su san ɗaya benen ya riga ya zube ba, don haka suka sauko a natse, wasu suka tsaya hutawa. 'Yan sandan da ke shawagi a jirgi mai saukar ungulu sun ga saman ginin yana jajir, suka yi gargaɗi. Gargaɗin ya isa kunnen 'yan sanda, bai isa na 'yan kwana-kwana ba, domin na'urorin hukumomin biyu ba sa magana da juna, shugabanninsu kuma kowa da inda ya kafa nasa zangon. Minti 29 ne tsakanin faɗuwar bene na farko da na biyu. Ƙarfe 10:28 benen arewa ya sauko a kan 'yan kwana-kwana sama da ɗari.

Minti 29. Mutum mai lafiya zai sauko hawa nawa a cikin minti 29 in ya san mutuwa ce a bayansa? Wannan ita ce tambayar da waɗanda suka tsira suke kwana da ita. In muka ce musu ajali ne kawai, a bar kaza cikin gashinta, wa muka taimaka? Mun taimaki wanda ya sa hannu a takardar sayen na'ura, ba maraya ba. Ajali gaskiya ne, sakaci ma gaskiya ne, ɗaya ba ya goge ɗaya. Direban da ya fita da mota babu birki ya kashe mutane, muna cewa kwanansu ya ƙare, muna kuma kai shi gaban alƙali.

Akwai masu cewa tono irin wannan cin fuska ne ga mamatan, wai yana mai da sadaukarwarsu kamar kuskure. Hukumomin birnin sun tsaya a kan wani abu mai kama da haka. Bayan harin an zauna da ma'aikata kusan 500 an ɗauki bayanin abin da kowannensu ya gani, sannan aka kulle bayanan. Sai da jaridar New York Times da wasu iyalan mamatan suka kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a, kafin a sake su a Agustan 2005, shafi sama da 12,000. Ku lura da su wa suka nemi a buɗe: iyaye da matan mamatan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In su da aka yi wa rashin ba su ga cin fuska a cikin gaskiya ba, wane ne ni ko wani kwamishina da zai gan shi a madadinsu? Kuma gaskiyar ba ta rage kowa ba. A cikin muryoyin da aka naɗa ne duniya ta ji Orio Palmer, jami'in da ya kai hawa na 78 na benen kudu, inda jirgin ya fasa, yana ba da rahoto cikin natsuwa yana tsara yadda za a tunkari wutar, 'yan mintuna kafin ginin ya tafi da shi. Kafin nan ana zaton babu wanda ya kai can. Daga bakin waɗanda suka tsira ne kuma Joseph Pfeifer ya ji cewa ƙanensa ya tsaya a hanyar saukowa yana karkatar da wasu ayarin zuwa matakalar da ta fi saurin fitarwa, suka fita, shi bai fita ba.

Nan zan ɗan tsaya in yi adalci ga wata hujja da ba a cika son faɗa da ƙarfi ba. Binciken gwamnati ya ƙiyasta cewa mutum kusan 17,400 ne a cikin benayen lokacin harin, kuma kashi 87 cikin 100 sun fita. Kusan duk wanda ke ƙasa da inda jiragen suka fasa ya tsira, galibi da ƙafafunsa. Waɗanda ke sama da wurin a benen arewa kuwa babu hanyar da ta rage musu. Saboda haka wasu ke tambaya: shin ya dace a tura ɗaruruwan mutane sama? Na yi ta auna wannan. Amsata ita ce, da abin da shugabannin suka sani a lokacin, ba su da wata hanya. Ba a taɓa ganin dogon bene na ƙarfe ya ruguje gaba ɗaya saboda gobara ba. Mutane na kiran waya daga sama suna roƙo, wasu sun maƙale a lif, wasu sun ƙone ba sa iya tafiya. Shugabannin sun yanke tun da wuri cewa aikin ceto za a yi, wutar ta fi ƙarfin a kashe ta. Ban ga laifin wanda ya ce a hau ba. Inda nake ganin laifi shi ne a tura mutum sama ba tare da tabbacin za a iya kiransa ya sauko ba, kuma wannan laifi an aikata shi ne a ofisoshi, shekaru kafin ranar. Pfeifer da kansa bai ɓuya a bayan kalmar jarumi ba. Ya shafe sauran shekarun aikinsa yana gina sashen shirin tunkarar ta'addanci da bala'o'i na hukumar, yana matsa wa a riƙa musayar bayani tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Mutumin da ya yarda cewa ba abin da za a iya gyarawa ba zai yi haka ba.

Yanzu ga rashin da ya fi ci mini rai, domin shi ba a yi shi cikin minti 102 na tsakanin sukar jirgin farko da faɗuwar benen arewa ba, a hankali aka yi shi, ido na ganin ido. Da benayen suka faɗi, sun zama gari: siminti, gilashi, asbesto, dalma, man jirgi, da duk abin da ke cikin dubban ofisoshi. Wuta ta ci gaba da ci a ƙarƙashin tarin har cikin Disamba. A kan wannan tari dubban mutane suka yi kusan wata tara suna tono, har zuwa 30 ga Mayu 2002, da yawa ba tare da takunkumin kirki ba, musamman a makonnin farko. Ranar 18 ga Satumba 2001 shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta sanar da mutanen New York cewa iskarsu lafiya lau ce a shaƙa. A 2003 babban mai binciken hukumar tata ya bayyana cewa ba su da isassun bayanan da za su faɗi haka, kuma Fadar White House ta sa baki an tausasa sanarwowin. Sai a 2016 ta nemi afuwa. Ihu bayan hari. Likitocin hukumar kashe gobara sun auna huhun ma'aikatansu, suka ga a shekara ɗaya sun yi asarar ƙarfin numfashin da mutum kan yi a shekara 12 na tsufa. Aka fara da tari, har ya samu suna, tarin Cibiyar Kasuwanci. Daga baya ciwon daji iri-iri ya biyo.

Za a ce ai su suka ƙi sa takunkumi, su suka ƙi barin wurin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A farkon Nuwamban 2001, da magajin gari Rudy Giuliani ya rage yawan 'yan kwana-kwanan da ke tono zuwa 25, sai suka yi zanga-zanga har suka yi arangama da 'yan sanda, aka kama 12 daga cikinsu. Ba sa son a kwashe 'yan uwansu da katafila a zubar a juji kamar shara. Wa zai zarge su? Wanda ɗansa ke ƙarƙashin ƙasa ba ya lissafin huhunsa. Aikin hukuma ne ta yi masa lissafin, ta gaya masa gaskiyar abin da yake shaƙa, ta tilasta kariya. Ita kuwa ce masa ta yi iskar lafiya lau.

Sannan aka zo biyan kuɗin magani, a nan ne aka san maci tuwo. James Zadroga, ɗan sandan da ya yi ɗaruruwan sa'o'i a wurin, ya mutu a Janairun 2006 da ciwon huhu. Dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda za ta ɗauki nauyin jinyar masu aikin ceto, ta yi shekaru tana tangal-tangal a majalisa. A Disamban 2010 'yan majalisar dattawa suka tare ta, suna cewa dala biliyan 7.4 ta yi yawa, sai da aka zaftare ta zuwa biliyan huɗu da 'yan kai. Shugaba Obama ya sa hannu ranar 2 ga Janairu 2011, fiye da shekara tara bayan harin, kuma na shekara biyar kawai. Ciwon daji ma sai a 2012 aka shigar da shi. A 2015 sai ga marasa lafiya sun sake cika farfajiyar majalisa, wasu a keken guragu, wasu da tukunyar iska, suna bin ofis-ofis. A Fabrairun 2019 asusun diyya ya sanar da cewa kuɗi sun kusa ƙarewa, zai rage biyan da rabi ko fiye. A watan Yunin shekarar, Luis Alvarez, tsohon ɗan sanda, ya zauna gaban kwamitin majalisa ƙashi da fata, ana gobe za a yi masa zagaye na 69 na maganin ciwon daji. Kujerun 'yan majalisa da yawa babu kowa, abin da ya sa ɗan wasan barkwanci Jon Stewart, wanda ya daɗe yana tsaya musu, ya yi musu wankin babban bargo a gaban kyamara. Alvarez ya mutu ranar 29 ga Yuni. Bayan wata guda cif Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da asusun na shekaru masu yawa.

Masu cewa kuɗin gwamnati ba rijiya ba ne, dole a yi hattara da 'yan damfara, ban ce ƙarya suke ba. Kowane asusu yana buƙatar mai gadi. Amma ƙasar da ta kashe dala tiriliyoyi a yaƙin da ta ce don waɗannan mutane take yi, da wane baki za ta ce biliyan bakwai na maganinsu ya yi tsada? Me ya sa kuɗin bam ba ya jiran shekara tara, sai kuɗin huhu?

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a hoton asibiti. Mutumin da ya yi musayar ranar aiki da abokinsa, abokin ya mutu a madadinsa. Wanda aka aika ya matsar da mota, ya dawo ya tarar babu ayarinsa. Waɗannan mutane sun yi watanni suna fita daga jana'iza suna shiga wata, wani lokaci uku ko huɗu a yini, daga nan su koma tono. In ka ce wa irin wannan mutum jarumi, me ka ɗora masa? Jarumi ba ya kuka, ba ya cewa barci ya gagare shi, ba ya zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ka ga ke nan kalmar da aka yi nufin girmamawa da ita ta zama ƙofar da aka rufe shi a ciki shi kaɗai. Jiki magayi, amma sai an bar mai jikin ya yi magana.

Ban rubuta wannan don in nuna wa Amurka yatsa daga nesa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a Agustan 2011. Mun ga Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, inda aka rasa rai aƙalla 185. Mun ga tashar Nyanya a Afrilun 2014, da babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban shekarar, da abin da Maiduguri ta sha shekara da shekaru. A kowanne akwai waɗanda suka nufi wurin lokacin da kowa ke gudu: 'yan kwana-kwana, 'yan agaji, ma'aikatan Red Cross, direbobin motar asibiti, da samarin unguwa da suka kwashi gawa da hannunsu, suna sane da cewa bam na biyu kan jira masu kawo ɗauki. Wa zai iya kawo sunan uku daga cikinsu? Wa ya koma bayan shekara ya tambaye su ko suna iya barci? 'Yan kwana-kwanan New York suna da ƙungiya mai ƙarfi, da lauyoyi, da jaridu, da tauraron talabijin a bayansu, duk da haka sai da suka yi shekara 18 suna fafutuka. Namu da ko kirarin ba su samu ba, sai jifa in sun iso a makare, ina za su kai kukansu? Abin da nake nema a gare su shi ne abin da na nema wa waɗancan: a rubuta sunan duk wanda ya yi aiki a wurin hari tun ranar, a duba lafiyarsa a kai a kai, a binciki abin da ya lalace a bayyana shi a fili, kuma iyalin wanda ya mutu kada su yi yawon ofis da takarda a hannu.

A hedikwatar hukumar kashe gobara ta New York da ke Brooklyn akwai bango na musamman, dabam da na mutum 343 na ranar harin. Na waɗanda ƙurar ta kashe daga baya ne. A Satumban 2023 hukumar ta sanar da cewa adadinsu ya kai 343, daidai da na farko, kuma tun daga lokacin ya wuce haka. John Vigiano, uban da ya rasa 'ya'yansa biyu ya kuma yi ta zarya a wurin tonon, ciwon daji ya ɗauke shi a 2018. Kowane Satumba ana taruwa a gaban bangon nan, a kira iyalai, a karanta sababbin sunayen da aka ƙara, waɗanda suka yi tono tare da su suna zaune a cikin taron, wasunsu da takardar asibiti a aljihu.